RA'AYINMU: Kafin Ka Cika Takardar Canjin Kwas

Ga shi Allah Ya kawo mu sabuwar shekarar karatu, kuma kamar yadda aka saba, Ƙungiyar Ɗalibai tana yi wa sababbin 'yan'uwanmu barka da zuwa, da fatan Allah Ya sa a gama lafiya. Amma ba za mu tsaya ga gaisuwa kaɗai ba, domin akwai wani abu da muke gani kowace shekara a irin wannan lokaci wanda ya isa a yi magana a kansa a fili. Tun kafin sabon ɗalibi ya san hanyar laburare, ko ya gane inda ake sayar da abinci mai araha, tambayarsa ta farko ita ce, yaushe ake ba da takardar canjin kwas? In ka tambaye shi abin da aka ba shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce Aikin Gona, ko Kiwon Kifi, ko Ilmin Ƙasa, da irin muryar da ake faɗin rasuwa. Sa'an nan ya yi maza ya ƙara da cewa ai shi likitanci ya nema, jefa shi aka yi.

Za mu yi magana da 'yan ƙasar Haɗejiya musamman, watau mutanen Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri da Birniwa da Malam Madori da Kaugama. Dalili kuwa shi ne da yawa daga cikin masu tsara wannan mujalla can aka yanke musu cibiya, mutum kuwa ya fi sanin inda ɗakinsa ke yoyo. Wanda ya fito daga wani wuri sai ya auna maganar da garinsu, ba zai rasa inda ta shafe shi ba. Kuma kada wani ya zaci daga kan tudu muke wa jama'a wa'azi. Cikin mu da muka zauna muka rubuta wannan sharhi akwai waɗanda suka bi layin canjin kwas a shekararsu ta farko, har da wanda ya bi sau biyu.

Bari mu fara da yadda ake yin zaɓen nan, in har ya cancanci a kira shi zaɓe. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ya shiga aji huɗu na sakandare, sai a raba su, waɗansu ajin kimiyya waɗansu ajin adabi, sau da yawa ba tare da an tambaye shi ba, ba kuma tare da an gaya masa abin da wannan rabo zai rufe masa ko ya buɗe masa nan gaba ba. Bayan shekara uku sai ya tafi cike takardar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978 don shirya jarrabawar shiga jami'a. Darussa huɗu zai rubuta, Turanci da waɗansu uku, maki 400 ne duka, kuma kowane kwas da irin darussan da yake bukata. Wa ke bayyana masa wannan? Mahaifinsa manomi ne ko masunci, abin da ya sani game da masu ilmin boko shi ne likita da lauya da injiniya, don su ya gani ana girmamawa. Malaminsa yana fama da aji mai cike maƙil. Ƙarshenta mai shagon kwamfuta ne, wanda layi ya yi masa yawa kuma yake so ya sallami kowa, zai ce, "Me za a sa maka?" Yaro ya ce likita. Shi ke nan an yanke shawarar rayuwa cikin minti biyar.

Ba mu ga laifin mai son likitanci ba, ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen fadama cikin damina, rabin tafiya a kwalekwale rabi a babur, ya san ƙasarmu tana bukatar likitoci da ungozomomi da masu jinya fiye da yadda baki zai faɗa. Haka kuma uban da ya sayar da buhunan shinkafarsa ya biya kuɗin jarrabawa yana da hakkin ya yi fatan ganin ɗansa cikin farar riga. Sai dai gurabun likitanci ƙidayayyu ne. Majalisar da ke kula da aikin likita a Nijeriya ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan waɗanda za ta iya horarwa, gwargwadon malamai da gadajen asibitin koyarwa, haka ma lauyoyi suna da tasu majalisar mai irin wannan ƙa'ida. Saboda haka ko da dukanmu mun ci maki mai kyau, kaɗan ne za su shiga, sauran a watsa su sassan da ke da gurbi. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin da ke damunmu shi ne abin da ke biyo baya: ɗalibi ya zauna shekara huɗu ko biyar yana karatun dole, jikinsa a aji zuciyarsa a wani sashe, yana haddace takardun malami daren jarrabawa ya zubar da su washegari, har ya fita da digiri a kan abin da bai taɓa yarda ya kalla da idon basira ba.

To, ga abin da muke so ɗan Haɗejiya ya kalla kafin ya ce an cuce shi.

Kogin nan da muka yi wanka a cikinsa muna yara daga ƙasar Kano ya taso. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa kafin Wudil, su gangaro gabas, su wuce ƙasar Ringim, su iso mana. Daga wajen Haɗejiya ƙasa ta yi shimfiɗe, ruwa ya rasa gangare, sai ya rarrabu cikin rassa tsakanin tuddan rairayi, wani reshe ya nufi tafkin Nguru ta mashigar Marma, wani ya bi Burum Gana, har su haɗu da ruwan Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe wajen Gashuwa, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Kakanninmu sun gina rayuwarsu bisa numfashin wannan ruwa. In ya cika a ƙarshen damina ya malale fadama, a noma shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. In ya fara ja da baya masunta su kama rabonsu, manomi ya bi danshin da ya bari ya shuka wake da sauran kayan rani, sa'an nan makiyayi ya sauko da dabbobinsa su ci ciyawa su bar taki. Fili ɗaya, mutum uku, kowa da lokacinsa. Babu wanda ya rubuta wannan tsari a takarda, amma ya ciyar da mutane ɗaruruwan shekaru.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, a 1992 kuma aka gama madatsar Challawa. Ba za mu yi butulci ba, madatsun nan sun yi amfani. Daga gare su birnin Kano ke samun ruwan sha, da su ake noman rani a Kadawa da Kura, da ruwansu ne kuma ake ban ruwa a aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke wajen Auyo. Amma sun sauya numfashin kogin. A da ruwa yakan zo da ƙarfi sau ɗaya a shekara ya share hanyarsa, da rani kuma rassan su bushe ƙayau. Yanzu cikar ta ragu, ruwa kuma yana gudana kaɗan-kaɗan har cikin bazara. Wannan shi ne abin da kacala ke so, ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta yi saiwa, ta yi kauri, ta tare laka, lakar ta toshe hanya, ruwa ya nemi wata mafita. Sai ka ga gari guda gonakinsa sun nutse shekara da shekaru, maƙwabcinsa kuma a wani reshe yana kukan ruwa bai iso ba. Cikin kacalar nan tsuntsayen jan baki ke kwana su wayi gari a gonar shinkafa, nan sauro ke hayayyafa, irin wannan kwantaccen ruwa kuma shi ne gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Wanda duk ya tashi a Guri ko Kirikasamma ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Manyanmu na azuzuwan ƙarshe ba za su manta da 2022 ba. Daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba na wannan shekara malaman jami'o'i suna yajin aiki, ɗalibai suna zaune a gida, sai ga ambaliyar da ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, Jihar Jigawa kuwa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Samarin Haɗejiya sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga don kada ruwa ya ci gari, cikinsu har da 'yan jami'a. Madalla da wannan himma. Amma wani daga cikinsu ya gaya mana abin da ya tsaya masa a rai tun daga ranar. Ya ce yana tsaye cikin ruwa da buhu a kafaɗa, wani dattijo ya dube shi ya ce, "Ɗana, ku da kuka yi karatu, ruwan nan zai ƙaru ne ko ya fara ja?" Ya rasa amsa. Shekararsa uku a jami'a, a sashen da ake koyar da yadda ake auna gudun ruwa, amma bai taɓa saurara ba, domin yana ganin ba kwas ɗinsa ba ne.

Abin mamaki, mutanen nesa sun daɗe da gane darajar abin da muke rainawa. Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna ƙetare Sahara su yi hunturu a dausayinmu ne suka fara jawo hankalin ƙungiyoyin kare halittu, har aka kafa shirin kula da dausayin Haɗejiya da Nguru a 1987. Daga baya aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu ga duniya a 2000, aka ƙara da dausayin Baturiya a 2008. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka zauna suka lissafa abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da ake samu in an karkatar da ruwan zuwa manyan gonakin ban ruwa a sama, suka nuna cewa in aka auna da yawan ruwan da aka yi amfani da shi, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. Har yau ana koyar da wannan bincike a jami'o'in ƙasashen waje. Muna gode musu. Sai dai muna tambayar kanmu, ɗan masuncin da ya san kowane lungu na Marma tun yana riƙe wa babansa gora, wanda ya san watan da tarwaɗa ke ƙwai ba tare da ya buɗe littafi ba, me zai hana shi ya zama shi ne mai rubuta littafin? Rabin ilmin yana hannunsa tun daga gida. Rabin da ya rage shi ne wanda aka kira shi jami'a ya karɓa, shi kuwa yana can yana bin layin canjin kwas.

Kada a ɗauka masu Aikin Gona kaɗai muke nufi. Kogin nan ya isa ya ba kowace tsangaya aiki. Injiniyan ruwa ne zai faɗi yadda za a riƙa sakin ruwa daga Tiga da Challawa don a kwaikwayi cikar da aka saba, ya kuma san inda ya kamata a yashe. Masanin tsirrai da masanin dabbobi su ne za su ce ko kacala tana iya zama abincin shanu ko makamashin girki maimakon annoba, kuma an riga an fara gwaje-gwaje a kan haka. Mai karatun lauya ya sani cewa ruwan nan jihohi shida ne ke da hannu a cikinsa, Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Barno, waɗanda suka amince a 2006 su kafa asusu guda don kula da shi. Rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa shari'a ce babba, haka kuma rigimar manomi da makiyayi a kan burtali da mashaya, wadda ta ƙaru tun da noman rani ya mamaye filin da dabbobi ke kiwo a da. Ko mai nazarin Hausa da Tarihi yana da nasa rabo, domin sunayen kifaye da kayan su da dokokin sarkin ruwa suna bakin tsofaffi ne, tsofaffin kuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Mun san abin da mai karatu zai ce, don mu ma mun faɗa wa junanmu: duk wannan zance ne mai daɗi, amma ina aikin yake? Tambaya ce ta gaskiya, ba za mu kauce mata ba. Zamanin da iyayenmu ke ba da labari, na ɗalibi ya gama jarrabawa ya tarar da takardar ɗaukar aiki da bashin mota suna jiransa, ya wuce. Mun san masu digirin Aikin Gona da ke zaune a rumfar cire kuɗi a bakin kasuwa. Amma mun san masu digirin da ake rububi su ma a rumfa ta gaba, saboda haka canjin kwas ba shi ne maganin wannan ciwo ba. Abin da za mu iya cewa shi ne dukiyar ƙasarmu a fili take: kasuwar kifin Haɗejiya da fatake ke zuwa daga nesa, shinkafa da alkama da albasa da tattasai na fadama, riɗi da zoɓo na tudu waɗanda har ƙasashen waje ake kai su. Kuɗi suna yawo a cikin waɗannan, kuma mafi yawansu suna tafiya ne ga wanda ya san iri mai kyau, ya san ajiya, ya san sarrafawa, ya san kasuwa. Ba mu yi wa kowa alkawarin arziki ba. Wanda ba shi da gona ba shi da jari, digiri kaɗai ba zai ba shi su ba, kuma wannan magana ce da za mu ci gaba da kai wa hukuma. Amma wanda ya fita da ilmin da ya ratsa shi ya fi wanda ya fita da takarda kawai damar samun abin yi, ko a ofis ko a wajen ofis.

A nan dole mu juyo ga jami'o'in kansu. Shekara biyar ake karatun Aikin Gona, shekara ta huɗu kuma ta aiki da hannu ce a gona. In ɗalibi ya ƙare wannan shekara bai taɓa kunna injin ban ruwa ba, bai auna ƙasar gona ko sau ɗaya ba, sai zane a allo, to, ba shi kaɗai ke da laifin raina kwas ɗinsa ba. A da sai ɗan Haɗejiya ya tafi Zariya ko Kano kafin ya ga jami'a. Yanzu akwai Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da jami'ar jiha a Kafin Hausa tun 2013 wadda ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo, da ta Tarayya a Gashuwa, da Jami'ar Fasaha a Ɓaɓura, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin Haɗejiya kanta. Kogin da ake buga misali da shi a Ingila yana bayan ɗakunan laccarmu. Abin takaici ne a ce ɗalibi ya rubuta kundin kammala digiri a kan abin da ya kwafo daga intanet game da wata ƙasa, alhali motar haya ɗaya za ta kai shi inda kacala ta cinye gonar kawunsa.

Sai ku yayyenmu da kuka riga mu fita, kuke aiki a ma'aikatu da ƙananan hukumomi, mun san da yawanku kuna karanta wannan mujalla. Ku ne kuka fi kowa sanin irin ma'aikatan da ake nema a rasa. In an zo aikin auna ruwa ko gwajin ƙasa ko binciken cutar dabbobi, daga ina ake ɗauko mai yi? Ku faɗa wa ƙannenku tun suna sakandare. In ɗalibi ya zo ofishinku neman bayanin da zai yi bincike da shi, ko neman gurbin koyon aiki, kada a bar shi a benci har ya gaji ya tafi, ko a mai da shi ɗan aiken sayo abinci. Kuma in kuna da baki a wajen rabon tallafin karatu, ku tuna cewa ƙasar da ke tura 'ya'yanta koyon likitanci tana kuma bukatar wanda zai hana ruwan da ke kawo cutar kwanciya a bayan gari. 'Yan'uwanmu mata kuwa, waɗanda sau da yawa ake gaya musu cewa malanta da jinya kaɗai suka dace da su, su dubi wanda ke turara shinkafa da sarrafa ta a gidajenmu, su gaya mana ko akwai wanda ya fi su cancantar karatun sarrafa abinci da kasuwancinsa.

Ga abin da muke roƙon sabon ɗalibi, kuma ba mai yawa ba ne. Wanda ya tabbata a ransa cewa inda aka sa shi ba wurinsa ba ne, yana kuma da makin da zai kai shi inda yake so, ya cika takardarsa, Allah Ya ba da sa'a. Ba mu ce kowa ya dawwama inda ba ya so ba. Amma ya ba kwas ɗin zango ɗaya na gaskiya tukuna. Ya zauna a gaba, ya yi tambaya, ya nemi wani ɗan ajin ƙarshe ya tambaye shi abin da ake yi a can, ya kuma sami malami ɗaya ya ce masa, "Malam, ni daga fadama nake, me wannan darasi zai ce game da garinmu?" Mu kuma a namu ɓangare muna kira ga Ƙungiya, tare da ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin nan takwas, da su tsara yadda a hutu mai zuwa kowane ɗalibi zai koma makarantar sakandaren da ya fito, ya zauna da 'yan aji uku kafin a raba su, da 'yan aji shida kafin su tafi shagon kwamfuta, ya bayyana musu darussan da kowane kwas ke bukata da abin da ake yi da shi bayan an gama. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk wanda ya je ya dawo da labari, haka kuma ga wanda bai yarda da mu ba, muddin ya kawo hujjarsa a rubuce kafin fitowa ta gaba.